Ɗanyen Mai A Bakin Teku: Ina Kifi Zai Nufa?

Mutumin Sakkwato ko na Katsina wanda bai taɓa ganin teku ba yana iya zaton ɓarnar da ake yi a can ba ta shafe shi ba. Alhali kuwa busasshen jatan lande da uwargida ke dakawa a miya, da bandar kifin da fatake ke ɗaurowa a buhuna daga kudu, yawancinsu daga bakin tekun nan suke fitowa. Haka kuma kuɗin da Gwamnatin Tarayya ke rarraba wa jihohi kowane wata, kaso mai tsoka daga cikinsu na man fetur ne da ake haƙowa a wannan yanki. To, wanda ya ci moriyar ganga bai kamata ya ya da kwaurenta ba.

Gaɓar tekun Nijeriya, tun daga Badagiri ta yamma da Ikko har zuwa Kalaba, tsawonta ya kai kimanin kilomita 850. A tsakiyarta ne kogin Kwara, bayan ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, yake rarrabuwa ƙorama ƙorama kafin ya faɗa teku. A nan akwai wani irin kurmi da ke tsiro cikin ruwan gishiri da taɓo, wanda Turawa ke kira mangurob, kuma babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawansa a Afirka duka. Kurmin nan shi ne ɗakin haihuwar teku. Cikin saiwoyinsa kifaye ke zuba ƙwai, a nan 'ya'yansu ke ɓuya har su yi ƙwari su fita babban ruwa. A nan ƙaguwa da kawa da jatan lande suke kiwo, har ayu, wanda masuntan Kwara da Binuwai suka sani sarai, yana zaune a waɗannan ƙoramu.

A cikin shekarar 1956 aka sami mai a Oloibiri, a ƙasar da ke cikin Jihar Bayelsa yanzu, aka soma fitar da shi waje a 1958. Tun daga sannan bututu ya ratsa kurmin ta ko'ina, kuma malalar mai ta zama abokiyar zaman mutanen wurin. A 1979 tankunan ajiya na kamfanin Shell a Forcados suka zubar da abin da aka ƙiyasta ya kai ganga 570,000. A watan Janairu na 1980 rijiyar Funiwa ta kamfanin Texaco ta fashe cikin teku, mai ya yi kwanaki yana ambaliya, igiyar ruwa ta kora shi cikin ƙoramu ya ƙone kurmi mai yawa. A 1998 bututun kamfanin Mobil ya fashe daura da Akwa Ibom, ganga 40,000 ta malala, har aka ga man a gaɓar Ikko. A watan Disamba na 2011 an sake zubar da kamar wannan adadi a filin mai na Bonga, kilomita 120 daga gaɓa. Waɗannan su ne manya da duniya ta ji labarinsu. Ƙanana kuwa sai ɗaruruwa a kowace shekara.

Ya kamata mai karatu ya fahimci yadda mai ke kisa cikin ruwa. Da yake ya fi ruwa rashin nauyi, sai ya shimfiɗu a sama kamar mayafi, ya rage iska da hasken da ƙananan halittu ke bukata, su ne kuwa abincin 'ya'yan kifi. Babban kifi yana iya gudu, amma ƙwai da 'ya'ya ba su da inda za su. Tsuntsun da ya sauka a ruwan, gashinsa ya danƙare, ba ya iya tashi, ba ya iya kare kansa daga sanyi. Itacen mangurob kuwa ta saiwoyin da suka ɓullo sama da taɓo yake numfashi, saboda haka da mai ya shafe su sai itacen ya shaƙe, ganye ya zube, ya bushe a tsaye. Abin da ya fi muni shi ne man da ya nutse cikin taɓo ta ramukan ƙaguwa. Can ƙasa babu iskar da za ta ruɓar da shi, sai ya zauna shekara da shekaru, duk sa'ad da ruwa ya cika ya janye ya ɗebo kaɗan ya watsa.

Abin da ya sami garin Bodo na ƙasar Ogoni ya isa misali. A 2008 bututun Shell ya fashe har sau biyu, mai ya yi makonni yana kwarara cikin ƙoramun da garin ya dogara da su. Masunta suka rataye komarsu, matan da ke tsintar dodon koɗi a taɓo suka rasa sana'a. Sai da suka kai ƙara kotun Ingila, kana a 2015 kamfanin ya yarda ya biya fam miliyan 55 ga al'ummar da masunta fiye da 15,000. Kuɗi sun zo bayan shekara bakwai, amma kuɗi ba sa ƙyanƙyashe ƙwan kifi.

A watan Agusta na 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta miƙa wa Gwamnatin Tarayya rahoton binciken da ta yi a ƙasar Ogoni. Ta ce a Ogale ta tarar da mutane suna shan ruwan rijiyar da gubar benzin, mai haddasa ciwon daji, ta ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya sau 900. Ta ce gyaran ƙasar zai ci shekara 25 zuwa 30, ta kuma ba da shawarar a ware dala biliyan 1 don somawa. Ba a ƙaddamar da aikin ba sai a watan Yuni na 2016, wato bayan kusan shekara biyar.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ba kamfanoni kaɗai ke da laifi ba. Ɓarayin mai suna huda bututu, masu tace mai ta haramtacciyar hanya suna dafa shi a ganguna cikin kurmi, su tuttular da dagwalon cikin ƙorama. Kamfanoni sun daɗe suna fakewa da wannan, suna cewa yawancin malalar aikin maɓarnata ne. Amma a watan Janairu na 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Hague a ƙasar Holan ta ɗora wa reshen Shell na Nijeriya alhakin malalar da ta auku a ƙauyukan Oruma da Goi. Tsohon bututun da tsatsa ta ci ba ya bukatar ɓarawo kafin ya fashe.

Akwai kuma wani sabon al'amari. A 2025 Shell ya kammala sayar da reshensa mai haƙar mai a kan tudu ga wani gungun kamfanoni mai suna Renaissance. Tambayar da mutanen yankin ke yi ita ce, wa zai biya kuɗin share ɓarnar shekara sittin in mai kayan ya tattara ya koma tsakiyar teku? Nijeriya tana da hukumar binciken malalar mai, wadda aka kafa a 2006, amma sau da yawa jami'anta sai sun jira jirgin ruwan kamfanin da ake tuhuma kafin su isa wurin da abin ya faru. Mai binciken da ke cin tuwon wanda yake bincike, yaya zai buɗe baki?

Saboda haka wajibi ne wakilan jama'a a Majalisar Tarayya, na arewa da na kudu, su ba wannan hukuma jiragenta da kuɗinta da ikon cin tara mai zafi. Wajibi ne a tilasta wa kowane kamfani sauya tsofaffin bututunsa, kada kuma a sallami mai sayar da rijiya sai ya ajiye kuɗin gyara. Sa'an nan mutanen Kaduna da Yawuri da Yola su tuna cewa ledar da aka jefa a kogunansu ruwa ɗaya take bi har teku. Mai zai ƙare wata rana, amma kurmin nan, in an bar shi da rai, zai ci gaba da ciyar da jikokin masunta da na masu sayen kifinsu.