Jijiyar Da Aka Dasa A Gwiwa Ba Ta Son Gaggawa

Zancenmu na wannan wata a kan gwiwa yake, domin samarin zangonninmu masu buga ƙwallo da kuma iyayensu.

A cikin gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, su ne ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri. Ta gaba ita ce kan tsinke in ɗan wasa ya juya da ƙarfi alhali ƙafarsa na kafe a ƙasa. Wannan ya wuce targaɗe, kuma ba aikin mai ɗori ba ne, tun da ƙashi bai karye ba. In ta kai ga tiyata, likita yakan yanko wata jijiya daga ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa ko daga bayan cinya, ya huda ƙasusuwan biyu, ya zura ta, ya ɗaure.

To, ga inda ake yin kuskure. Ranar da aka dasa jijiyar nan da ƙarfinta take. Amma an raba ta da jininta, saboda haka cikin makonnin farko ƙwayoyin da ke cikinta sukan mutu, zarenta kaɗai ke saura. Sannu a hankali sababbin hanyoyin jini su kutsa ciki, sababbin ƙwayoyi su bi su, suna warware tsohon zare suna saƙa sabo. Ana cikin wannan warwara da saƙa, wajen mako na 6 zuwa na 12, jijiyar ta fi rauni. Abin takaici, daidai lokacin ne kumburi ke sacewa, ciwo ya lafa, yaro ya ajiye sanda ya ce ai shi ya warke. Alhali kafin dashen ya nuna sosai akan ɗauki shekara guda, wani lokaci har biyu.

Mun sha jin ɗalibanmu na kafa hujja da Michael Essien. Gaskiya ne jijiyarsa ta tsinke a watan Satumba na 2008 a wasan Ghana da Libiya, ya dawo a watan Maris na 2009, har ya ci Juventus ƙwallo. Sai dai shi likitocin Chelsea ne a kansa kullum, ba filin jan ƙasa yake sintiri da silifa ba. Wani bincike da masana a Norway da Amurka suka fitar a 2016 ya nuna cewa kowane wata guda da ɗan wasa ya ƙara na haƙuri, har zuwa wata 9, haɗarin sake jin rauni na raguwa da kusan rabi.

Roƙonmu ga iyaye da 'yan'uwanmu malaman wasanni: kada a sa yaron da aka yi wa wannan aiki cikin ƙungiya sai likita ya gwada ƙarfin cinyarsa ya amince. Kafin nan, ya riƙa zuwa gashi, yana motsa ƙafar yadda aka koya masa. In ya matsa da son fili, a ba shi usur ya yi alƙalanci daga gefe.