Kada Mu Tsallake Wa Yara Aji Shida Saboda Lissafi

'Yan'uwa iyaye, akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi a makarantun kuɗi na Sabon Tasha, Barnawa, Narayi da Kakuri. Da zarar yaro ya iya lissafi a aji huɗu ko biyar, sai a rubuta masa jarrabawar shiga sakandare, a tsallake masa aji shida. Uba ya rage kuɗin shekara guda, makaranta kuma ta samu abin talla.

Ni dai ban yarda da wannan ba. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya ware wa firamare shekara shida ne da dalili. A aji shida ake ƙarfafa doguwar rabawa da lissafin kashi cikin ɗari, kuma a kansu aljabarar ƙaramar sakandare take zaune. Yaron da ya haddace sau-sau da sauri ba lallai ne ya fahimci waɗannan ba. Sai ya kai aji biyu a ji ana cewa ya lalace, alhali tsani aka cire masa.

Ga kuma wata matsala: ƙa'idar shiga jami'a a 2025 shekara 16 ce. Wanda ya gama sakandare yana da 14, zaman gida zai yi.

To, mai hazaƙa fa? A bar shi tare da tsaransa, amma malami ya riƙa ba shi lissafin ajin gaba, a kuma shirya shi domin gasa irin ta Cowbellpedia idan ya shiga sakandare. In tsallakewar ta zama dole, a gwada shi tukuna a kan dukkan aikin aji shida, har da Turanci, a kuma tambayi malamin ajinsa kafin a biya kuɗin fom.