Wane Ne Baƙon Haure Tsakanin Katsina Da Maraɗi?

Yau za mu kare ra'ayin wani ɗan takara wanda ba a ƙasarmu ya tsaya ba, kuma ya sha kaye. Sunansa Gary Johnson, tsohon gwamnan jihar New Mexico da ke bakin iyakar Amurka ta kudu, wanda jam'iyyar Libertarian ta tsayar neman shugabancin ƙasar a 2012 da 2016. Aƙidar jam'iyyar ita ce gwamnati ta tsame hannunta daga harkokin mutane, mu kuwa ba mu karɓi aƙidar nan gaba ɗayanta ba, domin talakan da ba shi da asibiti bai roƙi gwamnati ta ƙara janyewa ba. Amma a kan maganar baƙin haure mutumin nan ya faɗi gaskiya.

Lokacin da Donald Trump ke alkawarin gina katanga da korar miliyoyin mutane, Johnson cewa ya yi a sauƙaƙa ba da takardar izinin aiki: wanda ya zo neman abinci a bincika ko yana da laifi a baya, in babu a rubuta sunansa, ya yi aikinsa a fili, ya biya haraji. Waɗanda suka riga suka shiga ma a ba su takardar, ko da ba a ba su zama 'yan ƙasa ba. An yi masa dariya, bai kai kashi 4 cikin ɗari na ƙuri'u ba.

To, ina ruwan mutumin Darini da wannan? Ruwansa kuwa babba ne. Daga Batsari zuwa Ruma har Safana, duk sa'ad da 'yan bindiga suka fito daga dajin Rugu suka yi ta'asa, sai ka ji masu faɗa a ji suna cewa baƙi ne, a rufe iyaka, a kori duk wanda ba shi da takarda. Maganin nan ba sabo ba ne. Mun sha shi sau da dama, ya kamata a ce mun san ɗacinsa.

A watan Janairun 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, ta bakin ministan harkokin cikin gida Alhaji Ali Baba, ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Kimanin mutum miliyan biyu suka kwashe komatsansu, wajen rabinsu 'yan Ghana, sauran har da mutanen Nijar da Chadi. Ku lura da yadda da yawansu suka zama masu laifi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta yarda ɗan ƙasashen ƙungiyar ya shigo ba biza ya yi kwana 90. Birkilan da ya kwana 90 a ƙasar baƙo ne na halal, in gari ya waye rana ta 91 sai ya zama ɗan haure, alhali bai saci ko allura ba. Da kuɗin mai ke kwarara babu wanda ya ƙirga masa kwana. Sai da farashin mai ya faɗi, zaɓe ya matso, sannan aka tuna da doka. Shin korar ta gyara tattalin arziki? Shekarar ba ta ƙare ba sai da sojoji suka kifar da gwamnatin. Kuma kada mu manta, abin da Firayim Minista Busia ya yi wa 'yan Nijeriya a Ghana a 1969 shi muka rama, kan talakawan da ba su suka kore mu ba.

Gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki a 1984, ta sake wata korar a 1985, ana tsakiyar fari. Mutanen Nijar har suka laƙaba wa yunwar lokacin sunansa. Wanda kuma yake zaton irin wannan doka baƙi kaɗai take ci, ya tuna da Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar jihar Borno, wanda aka ɗauke aka jefar a Chadi a 1980 wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta maido masa haƙƙinsa. In an yi wa ɗan majalisa haka, me zai hana a yi wa manomin Darini wanda ba shi da takardar haihuwa, kakarsa kuma 'yar Madarunfa ce?

Za a ce mana, wancan zamani ne, yanzu makamai ake shigowa da su. Gaskiya ne ana shigowa da su, ba mu musa ba, kuma ba mu ne za mu raina jinin da aka zubar a ƙauyukanmu ba. Amma a duba kwanan wata. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, har aka hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A Fabrairun 2020, iyaka na rufe, aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin ƙaramar hukumar Batsari. A Disamban 2020, iyaka na rufe, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Bello Turji kuwa ɗan ƙasar Shinkafi ne, babu shingen da zai tare shi. Abin da rufewar ta haifar shi ne tsadar shinkafa, da cikar aljihun 'yan fasa-ƙwauri da masu karɓar na goro. Mai ɗauke da bindiga dama ba ya bin ƙofa. In ka toshe ƙofar, sai mai jaki da ɗan ci-rani da matar da za ta biki su koma bin hanyar daji tare da shi, ka rasa yadda za ka bambanta su. Nan ne hikimar maganar Johnson take: buɗe wa mai neman halal ƙofa, ka san sunansa da inda ya sauka, sai jami'in tsaro ya sami sukunin fuskantar wanda ya ƙi bin ƙofar.

Akwai kuma abin kunya da ba mu son faɗa. Tun 2019 dubban mutanenmu daga Katsina da Zamfara da Sakkwato suka tsallaka jihar Maraɗi gudun 'yan bindiga, da yawa ba ko takalmi, balle fasfo. Da ma'aunin masu cewa a kora, su ne baƙin haure. Ba a ba su mako biyu ba, an ba su tabarma. Dama Maraɗin Katsinawa ne suka kafa sarautarta bayan jihadi, layin da ya raba mu kuwa Ingila da Faransa suka shata shi a farkon ƙarni na 20 ba tare da sun tambayi kowa ba.

Shige da fice hurumin gwamnatin tarayya ne, saboda haka ɗan majalisar wakilai na mazaɓar Batsari, Safana da Ɗanmusa muke kira. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, wato inuwar da makwabta ke fakewa a ciki ta ragu. Ya kai ƙudurin a yi katin ci-rani mai araha, wanda za a yanka a Jibiya rana ɗaya, a sabunta shi kowace shekara, ya halatta wa mai shi ƙodago da ciniki, a kuma nemi Yamai ta yi wa namu irinsa.