Bashin hatsi na damana: ciniki ne ko kuɗin ruwa?

Kowace shekara in watan bakwai ya kama, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, sai ka ga mutanen karkara suna shigowa kasuwannin Tasawa, Mayahi, Dakoro da Bakin Birji neman bashi. Wurin Alhaji mai sito suke zuwa, ko wurin Hajiya mai awo. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka ba a ga laifin mai nema ba. Abin dubawa shi ne yadda muke bayarwa, domin tsakanin halas da haram a nan taki ɗaya ne.

Hanya ta farko ita ce a ba mutum tiya 10 ta hatsi yau, a ce da kaka ya maido 15, ko buhu ɗaya ya biya biyu. Wannan kuɗin ruwa ne tsantsa, malamai ba su yi saɓani a kansa ba. Annabi (SAW) ya ambaci abubuwa shida da ba a musayar jinsi da jinsinsa sai daidai wa daida kuma hannu da hannu: zinariya, azurfa, alkama, sha'ir, dabino da gishiri. Malaman Malikiyya, mazhabar da muka tashi a kanta, sun shigar da duk cimakar da ake rayuwa da ita kuma take ajiyuwa, kamar hatsi, dawa, shinkafa da wake. Ko ka sauya dabara ka ce dawa na ba ka, wake za ka biya ni, ba ka tsira ba, don ba a saida abinci da abinci a kan jinkiri. Abin da ya halasta shi ne rance: tiya 10 ta koma tiya 10, ko da kuɗin hatsi ya faɗi da kaka. Ribarka tana wurin Allah.

Hanya ta biyu kowa ya san hukuncinta. Jikka 10 yau, jikka 12 bayan wata uku, haram ce, ko an kira ƙarin goro, ko an kira shi tukuici, muddin sharaɗi aka yi.

Hanya ta uku ita ce musulunci ya buɗe mana: ka ba manomi kuɗi yau, ya kawo hatsi da kaka. Sunanta salam, kuma ciniki ce. Annabi (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna yin irinta a kan dabino, bai hana su ba, sai ya sa ƙa'ida: a san awo, a san nauyi, a san lokaci. Ke nan kuɗi su fita gaba ɗaya tun farko, Malikiyya sun yi sassauci na kwana uku kawai. A faɗi irin abin, hatsi ne ko wake, fari ko ja. A faɗi yawansa, buhu mai tiya 40 ne ko waninsa, kuma da wace tiya za a auna, don kowa ya san tiyar saye da tiyar saidawa ba kullum suke daidai ba a hannun wasu. A faɗi lokaci, Imamu Malik ya yarda a ce sai kaka tunda lokacinta sananne ne. Kada kuma a ɗaura cinikin a kan wata gona guda, domin gona tana iya ƙin yi.

Akwai ramuka biyu da mutane ke faɗawa bayan an ƙulla. Na ɗaya, ka saida wa wani hatsin nan tun bai shigo hannunka ba, alhali an hana saida abinci kafin a karɓe shi. Na biyu ya fi muni. Ruwa ya ɗauke, manomi ya kasa, sai a ce buhu biyu na bana sun zama uku baɗi. Wannan shi ne ainihin kuɗin ruwan jahiliyya. Abu biyu gare ka: ka jira shi, ko ka karɓi kuɗinka kamar yadda ka bayar. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umurnin a saurara wa mai ƙunci har ya samu, ta kuma nuna yafewa ta fi.

Ɗan kasuwa zai ce kuɗinsa sun kwana wata uku ko huɗu, kuma ana iya rufe iyaka da Najeriya kamar a 2019 da 2023, kasuwa ta birkice. Gaskiya ne, shi ya sa kuɗin salam ke kasa kuɗin kasuwa, kuma wannan rangwamen riba ce ta halas. Amma rangwame yana da iyaka a zuciyar mai tsoron Allah. Wanda ya sayi buhu da sulusin kuɗinsa don ya ga yaran mutum sun kwana da yunwa, ko sharuɗɗa sun cika, ya ci wuyan mabuƙaci. Mu tuna 2005. Bayan fari da fara na 2004, yunwa ta kama jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, hatsi na nan jibge a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Gidaje da yawa sun shiga kakar da ta biyo da bashi a wuya, suka biya da amfanin gona, rumbu ya sake ƙarewa da wuri. Manomin da aka tsotse bana ba shi da abin sayen atamfa, sabulu ko man gujiya baɗi. Kasuwarmu ce ke mutuwa tare da shi.

Shawarata ita ce a duba kuɗin hatsi na kakar bara da ta bara waccan, a rage abin da hankali zai ɗauka, a tsaya nan. Sannan a rubuta, da boko ko da ajami, a sa shaidu. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Hajiya, rubutu ba rashin yarda ba ne, kariya ce gare ki da magadanki. Limamai da shugabannin kasuwa su yi wannan bayani tun watan biyar, kafin ruwa ya sauka mutane su matsu.

Allah shi ba mu damana mai albarka, shi tsarkake dukiyarmu. Amin.