SHARHI: Fasa makullin na'urorin wasan gem a Jimeta, sana'ar da sabuwar doka ta iske a kan hanya

A unguwannin Jimeta irin su Jambutu da Doubeli da Karewa da Nassarawo, ba sai an yi doguwar tafiya ba za a ci karo da shago ko rumfar da yara da samari ke cika gaban talabijin suna fafatawa a wasan ƙwallon ƙafa na PlayStation, kowa ya biya kuɗin wasansa. Ana kiran wurin gidan gem. Na'urorin da ke cikinsa galibi na hannu ne da aka shigo da su daga Turai ko Amurka, suka ratso ta kasuwar Alaba da ke Legas ko ta Kano kafin su iso Adamawa. Da yawa daga cikinsu kan bi ta hannun mai gyara kafin su fara aiki, ya fasa makullin da kamfani ya sanya musu, ya loda musu wasanni a rumbun ajiya, ta yadda mai shagon ba ya buƙatar sayen faifai ko ɗaya.

Shekaru da dama wannan sana'a tana gudana ba tare da hukuma ta waiwaye ta ba. Amma tun ranar 17 ga Maris, 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, matsayinta ya sauya. Sashe na 50 na dokar ya haramta ƙetare matakan fasaha da mai haƙƙi ya sanya domin kare aikinsa, ya kuma haramta ƙerawa ko shigowa ko sayar da kayan da ake yin hakan da su. Wannan tanadi ya samo asali ne daga yarjejeniyar 1996 ta Hukumar Kare Haƙƙin Fasaha ta Duniya, WIPO, wadda Najeriya ta miƙa takardun amincewa da ita a watan Oktoban 2017. Ke nan abin da mai gyara ke yi a bayan kantarsa yanzu yana da suna a littafin doka, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa ce ke da alhakin bin sawunsa.

Mene ne ainihin fasa makulli?

Kamfanonin Sony da Microsoft da Nintendo suna ƙera na'urorinsu ne ta yadda ba za su karɓi kowace manhaja ba sai wadda ke ɗauke da hatimin kamfanin. Dalili shi ne ribar wannan kasuwa ba a jikin na'urar take ba. Sau da yawa akan sayar da sabuwar na'ura kusa da kuɗin da aka ƙera ta, ko ma ƙasa da haka, sannan kamfani ya mayar da kuɗinsa daga kason da yake karɓa a kan kowane wasa da aka saya. Fasa makulli shi ne yaudarar na'urar ta daina neman wannan hatimi.

Hanyoyin sun bambanta daga na'ura zuwa na'ura. A PlayStation 2, wadda ta fito a shekarar 2000 kuma aka sayar da fiye da miliyan 160 a duniya, akan liƙa wani ɗan guntun lantarki a allon cikinta, ko a sanya wata manhaja a katin memori. A PlayStation 3 akan musanya manhajar da ke tafiyar da na'urar da wata da aka yi wa kwaskwarima. A PlayStation 4 kuwa akan nemi ɓaraka a tsohuwar manhajar kamfanin, shi ya sa wadda ba a taɓa sabunta manhajarta ba take da daraja ta musamman a wurin 'yan kasuwa. Da zarar an buɗe na'ura, za ta iya ɗaukar wasannin da aka kwafa ba da izini ba. Za kuma ta iya ɗaukar manhajar da wani ɗalibi ya rubuta da kansa, ko tsohon wasan da kamfani ya daina sayarwa. Ƙofa ɗaya ce halal da haram ke shiga ta cikinta, kuma a nan taƙaddamar take.

Lissafin da ke hana mai shago bin doka

Farashin sabon wasa na PlayStation 5 dala 70 ne. A canjin kusan naira 1,500 kan dala ɗaya na shekarar 2025, kuɗin ya kai naira 105,000, alhali mafi ƙarancin albashin da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wasan ƙwallon da ya fi jan masu zuwa gidan gem kuwa duk shekara ake fitar da sabo. Mai shagon da ke da na'ura biyar, yana karɓar 'yan kuɗi kaɗan a kan kowane wasa, yana sayen man janareta duk lokacin da wutar kamfanin YEDC ta ɗauke, ba shi da hanyar da zai fitar da kuɗin wasanni na asali daga cinikinsa.

Ko wanda yake da kuɗin ma, hanyar sayen halal ɗin ba a share take ba. Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da Sony ya buɗe wa shagonsa na intanet, don haka ɗan Najeriya kan yi rajista ne da adireshin Amurka ko Ingila ko Afirka ta Kudu, abin da shi kansa ya saɓa wa ƙa'idojin kamfanin. Wannan giɓi ya fito fili a watan Mayun 2024, lokacin da aka janye wasan Helldivers 2 daga kasuwannin ƙasashe sama da 170 da ba su da wannan rajista. Ga kuma matsalar katin banki: a 2022 bankunan ƙasar nan suka taƙaita ko suka dakatar da sayayya a ƙasashen waje da katin naira, sai a tsakiyar 2025 wasu daga cikinsu suka dawo da ita. Masu kare sana'ar na kafa hujja da wannan, suna cewa kamfanin da bai buɗe shago a garinka ba, da wuya ya ce ka hana shi ciniki.

Akwai hujja ta biyu, wadda ta fi ta farko ƙarfi a gaban doka. Abin da ya fi saurin lalacewa a tsohuwar na'ura shi ne idon da ke karanta faifai, musamman a gari mai ƙura da zafi kamar Yola, inda ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. Na'urar da idonta ya mutu ta zama shara, sai fa idan an buɗe ta ta koma karanta wasa daga rumbun ajiya. Wani binciken Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka wallafa a 2018 ya gano cewa kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ne suka shigo Najeriya a kowace shekara a 2015 da 2016, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki. Duk na'urar da mai gyara ya ƙara wa shekaru biyar, ya rage wa juji nauyi ne. Shi kansa yaron shagon da ya koyi narka dalma da karanta allon lantarki a kan PlayStation, ilimin da zai gyara waya da kwamfuta da inbata ya samu.

Ɓangaren da ba a so a faɗa

Duk da haka, wanda ya leƙa rumbun ajiyar na'urorin gidan gem ya san ba manhajar ɗalibai ce a ciki ba. Wasannin kamfanoni ne da aka kwafa ba a biya ko sisi ba. Al'ummar da ta ga yadda masu satar fasaha suka durƙusar da kasuwar faifan Kannywood ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani kan illar wannan ɗabi'a. Yau kamfanonin Japan da Amurka ne ke asara, amma akwai masu ƙirƙirar wasanni a gida, irin su Maliyo Games da ke Legas da Kiro'o Games da ke Yawunde a maƙwabciyar Adamawa, Kamaru. Matashin da ya tashi da tunanin cewa wasa kyauta ne, ba zai sauya ra'ayi ba ranar da ɗan ƙasarsa ya fito da nasa.

Shi ma mai sayen na'urar yana cikin kasada. Wadda aka fasa ba ta da garanti, kuskure kaɗan wajen aikin na iya kashe ta gaba ɗaya, kuma idan ta hau intanet kamfani na iya gano ta ya toshe ta. A watan Nuwamban 2009 Microsoft ya kori ɗaruruwan dubban na'urorin Xbox 360 daga dandalinsa a kan wannan dalili. Wanda ya sayi irin wannan na'ura a kasuwar gwanjo ba tare da an faɗa masa ba, an cuce shi, kuma wannan hurumin Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayayya ne, FCCPC. Sannan ga batun tarbiyya. Faifan asali na zuwa da alamar shekarun da suka dace da shi. Rumbun da aka cika da wasanni barkatai ba shi da wannan alama, yaro ɗan shekara 10 na iya tsallakawa daga ƙwallon ƙafa zuwa wasan da aka yi domin manya, mai cike da kisa da batsa, ba tare da kowa ya lura ba. Wannan ne abin da ya fi damun iyaye da malamai, ko da yake dokar haƙƙin mallaka ba ta da ta cewa a kansa.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Babu ƙasar da ta warware wannan ƙulli cikin sauƙi. Amurka ta haramta ƙetare makullin fasaha tun 1998, amma duk bayan shekara uku akan duba a fitar da abubuwan da aka keɓe. A 2010 aka halatta buɗe wayoyin hannu, daga baya aka ƙi yin haka ga na'urorin gem, sai a 2021 aka yarda a taɓa makullinsu domin gyaran ɓangaren karanta faifai kawai. A 2011 Sony ya maka wani matashi, George Hotz, a kotu saboda fasa PlayStation 3, suka sasanta a wajen kotu. A cikin watan Afrilun shekarar aka yi kutsen da ya shafi asusun masu amfani da dandalin kamfanin miliyan 77. A Fabrairun 2022 wata kotun Amurka ta yanke wa Gary Bowser, ɗan Kanada da ke cikin gungun masu sayar da kayan fasa Nintendo Switch, ɗaurin wata 40, aka kuma ɗora masa biyan dala miliyan 14.5 a shari'o'i biyu.

A ɗaya ɓangaren, Babbar Kotun Ostireliya ta yanke hukunci a 2005 cewa mai sanya guntun lantarki a PlayStation bai karya dokar wancan lokaci ba. Kotun Tarayyar Turai kuma, a shari'ar Nintendo da kamfanin PC Box a Janairun 2014, ta ce kariyar da doka ke bai wa makulli dole ta tsaya daidai gwargwado, kada ta hana amfanin da bai saɓa wa haƙƙin kowa ba, kuma alƙali ya duba ainihin abin da mutane ke yi da na'urar. Abin lura a nan shi ne, hukunci mai tsanani ya faɗa ne kan masu ƙera kayan fasawa da masu rarraba su a faɗin duniya.

Abin da ya rage wa Abuja

Dokar 2022 ta bar ƙofa ga wasu amfani da ta halatta, amma fassarar iyakar wannan ƙofa aikin hukuma ne da kotu. Idan aka ɗauki Sashe na 50 a kan fuskarsa aka kai samame Babbar Kasuwar Jimeta, za a kama samari masu gyara, a rufe shagunan da ke ciyar da iyalai a jihar da har yanzu take farfaɗowa daga rikicin Boko Haram, masu loda wasannin a intanet kuwa suna can ƙetare ba abin da ya same su. Idan kuma aka kawar da kai gaba ɗaya, dokar ta zama ado, ƙasar da ke neman masu zuba jari a fannin ƙirƙira ta nuna musu cewa hatimin haƙƙin mallaka ba shi da nauyi a nan.

Mafita tana tsakanin biyun, kuma mafi yawanta aikin ofis ne. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka na iya fitar da ƙa'idar da ta raba buɗe na'ura domin gyara ko koyo da loda wasannin sata domin kasuwanci, ta kuma fara da wayar da kan ƙungiyoyin masu gyara kafin maganar kamu. FCCPC na iya wajabta wa mai sayar da na'urar hannu ya bayyana wa mai saye ko an taɓa fasa ta. Ma'aikatun da ke kula da ciniki da tattalin arzikin ƙirƙira na da hurumin tattaunawa da Sony da takwarorinsa kan buɗe shago a hukumance da farashin da ya dace da aljihun 'yan Najeriya, da kuma lasisi na musamman ga gidajen gem, tunda lasisin wasan da mutum ya saya na amfanin kansa ne kawai, ko na asali ne bai ba shi damar yin haya da shi ba. Batun shekarun yara da lokacin rufe shago kuwa na gwamnatin jiha ne da ƙananan hukumomin Yola ta Arewa da Yola ta Kudu.

Muddin wasa ɗaya ya fi albashin wata guda tsada, kuma babu shagon da za a saye shi da naira, mai gyaran Jimeta ba zai rasa masu kawo masa aiki ba. Abin da hukuma za ta iya tantancewa shi ne ko zai yi aikin a fili bisa ƙa'idar da ya sani, ko a ɓoye yana sauraron ƙarar motar jami'ai.