Gara Na Cin Tarihinmu, Mu Muna Kirari

Duk ɗan Ƙaura da ka taɓa, kafin ka rufe baki zai gaya maka shi jikan Namoda ne, gwarzon da aka ci Alkalawa da shi a 1808. Ɗan Zurmi zai ce garinsu ne gidan Alibawa. To, madalla. Amma ka ce ɗayansu ya nuna maka wasiƙa guda da Sarkin Musulmi ya aiko wa kakan nasa, ko muryar dattijo guda da aka naɗa yana ba da labarin yaƙin Kiyawa, sai ya hau sosa ƙeya. Wannan abin kunya ne, kuma mu 'yan bokon yankin ne muka fi kowa laifi.

Baƙi sun fi mu kula. Clapperton ya ratsa Zurmi a 1824, Barth ya biyo a 1853, kowannensu ya rubuta abin da ya gani. Kurt Krieger ya taso daga Jamus ya zauna da dattawan Zamfara, ya fitar da littafin tarihinta a 1959, da Jamusanci. Marigayi Garba Nadama ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan tashi da faɗuwar daular Zamfara a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Mutum nawa a Shinkafi suka taɓa ganin ko da bangon kundin?

Mu dubi Sakkwato. Wasiƙun Larabci da Turawa suka tarar a gidan Waziri Buhari a 1903, Backwell ya buga fassararsu a 1927. Waɗanda Waziri Junaidu ya adana kuwa, da su Murray Last ya jingina littafinsa na 1967 a kan daular Sakkwato. Ita wasiƙa ai da mai aikawa da mai karɓa. In Sakkwato ta riƙe waɗanda sarakunanmu suka aika mata, ina amsoshin da manzanni suka kawo Zurmi da Ƙaura?

Wasu suna nan cikin gidaje. Malami ya rasu, magada sun raba gona da shanu, an tura adakarsa ƙuryar ɗakin da ke yoyo. In ka buɗe, gafakar ta bushe ta tsage, tawada ta jiƙe ta bi takarda, gara ta cinye gefen da hatimi yake. Ka nemi izinin ɗaukar hoto, a ce maka asirin gida ne, ko a yi zargin rikicin sarauta ko na gona kake son tayarwa. An hana mai karatu, an bar wa ƙwari. Ban ga hikimar da ke cikin wannan ba.

Ɗalibai kuma nasu sakacin daban ne. Yaro zai je ƙauye saboda aikin kammala karatu, ya zaunar da tsoho ya yi ta zuba, ya tsinci layi biyu ya sa a kundi. Ranar da waya ta cika, muryar tsohon ce farkon abin da zai goge don ya saukar da fim. Malamin da ya duba aikin bai tambayi ina muryar take ba, bai tambayi littafin da aka rubuta bayanan hirar ba. Maki kawai aka zo nema, an samu.

Da a lokacin zaman lafiya ne, sai a ce a hankali za a gyara. Yanzu 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka, an ƙona gidaje da abin da ke cikinsu, tsofaffi suna raɓe a kangaye a Ƙaura da Gusau. A 2021 har kasuwannin mako aka rufe, aka katse layukan waya a jihar Zamfara. Tsohon dillalin shanu na Kasuwar Daji wanda ya san hanyoyin fatake da sunayensu, da tsohuwar da mahaifinta ya yi dakon gyaɗa a tashar jirgin ƙasan da ya iso Ƙaura a 1929, da maharbin da ya ji kiɗan Kassu Zurmi da kunnensa, ba za su jira mu gama shawara ba. Ita kanta wannan masifa, in ba a naɗi bakin waɗanda ta faɗa wa ba, gobe wani zai rubuta ta yadda ya ga dama.

Kada wani ya fake da rashin kuɗi. Abin da ake kashewa a walimar naɗin sarauta guda ya isa a gyara ɗaki, a sayi akwatunan ƙarfe da kwamfuta. Masarautun Ƙaura Namoda da Zurmi da Shinkafi kowacce ta ware ɗakin, ta kira magada ta ba su tabbacin hoto kawai za a ɗauka a mayar musu da kayansu, a kai kwafi Gidan Arewa da ke Kaduna. Kai kuma mai karatu, wayar tana hannunka. Ka je wurin tsohon gidanku a makon nan, ka fara da sunansa da garinsu da ranar hirar, sannan ka bar shi ya yi magana.