Ba tsaraba suka tafi nema ba

Akwai wata ɗabi'a da ta samu wurin zama a wasu gidajenmu na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma ba za mu yi shiru a kanta ba. Matashi ya ƙetare iyaka zuwa Nijar yana koyar da yara karatu na sa kai, ba albashi sai ɗan kuɗin sabulu. Ranar da ya zo ganin gida, ba mai tambayarsa yara nawa suka iya rubuta sunansu. Jakarsa ake kallo. "Malam, ina tsaraba? Ko sefar ta ƙi shiga aljihu ne?" A yi dariya, shi ma ya yi yaƙe. Kwana uku, inna ta ja shi ɗaki: "Ga sa'anka can a Abuja, ya yi wa uwarsa rufin kwano." In mace ce, maganar ɗaya ce, yaushe aure.

Wasu suna cewa ai Damagaram ko Magariya ba ƙasar waje ba ce, Hausa ɗaya, tuwo ɗaya, kowace Alhamis muna haɗuwa da su a kasuwar Maigatari. To, mai wannan magana ya tuna watan Agusta na 2019 da aka rufe iyaka, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamba 2020. Ya tuna juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka sake garƙamewa har Maris 2024. Wanda yake can a lokacin, gida na kusa amma ya yi nisa. A yi biki ko jana'iza, sai dai ya ji a waya. Ya kuma tuna Janairu 2015 da aka ƙona majami'u a Damagaram. Kirista matashi da ya san wannan duka, ya ɗauki alli ya tafi, ba abin ba'a ba ne.

Akwai kuma masu cewa, ai nan ma ga yara ba malami, me ya kai shi wata ƙasa? Wannan magana tana da nauyi, mun yarda. Amma Kwalejin Ilimi ta Gumel tana yaye ɗalibai kowace shekara, kuma da yawa cikin masu jefa wannan tambaya suna da takardar koyarwa a ƙasan akwati. Wane ƙauye suka taɓa zuwa ranar Asabar suka tara yara goma a gindin bishiya? Wanda ya tafi bai hana wanda ya zauna aiki ba.

Mu kanmu ta hannun wa karatu ya zo mana? Baƙi ne da suka bar iyayensu. Ma'aikatan SIM sun kai Damagaram tun 1924. A 1948 aka kafa EMS domin 'yan ƙasa su ma su fita, kuma da baikon talakawa aka riƙe su, har da kwanon hatsin matan zumunta. A Ayyukan Manzanni sura 14, da Bulus da Barnaba suka koma Antakiya, ikilisiya ta taru ne ta ji abin da Allah ya yi ta wurinsu. Ba a rubuta cewa an buɗe musu jaka ba.

Ba mu raina kukan iyaye ba. Baba ya sayar da akuya ya biya makaranta, damina ta zo ga tsadar taki, ɗan da ya sa rai a kansa ya dawo hannu wofi. Ciwo ne na gaske. Sai dai maganinsa yana wurin ikilisiya, ba a wuyan yaron kaɗai ba. In mun ɗora masa hannu mun sallame shi da addu'a, gonar babansa ta zama tamu.

Saboda haka, shugabannin zumuntar matasa, kafin Kirsimeti ku rubuta sunayen namu da suke can. Ku roƙi dattawa minti goma a sujadar Lahadi domin su ba da labarin ajinsu da bakinsu. Ku haɗa kuɗin motar komawa, da alli da littattafan rubutu. A watan Yuni kuma, ku ɗauki fartanya ku je gonar iyayensu noman fari.